Wa zan ba darasin dokar tsara ƙasa: dokta, tsohon ma'aikaci, ko ƙanin mai ɗakina?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne shugaban sashen shari'a a wata makarantar gaba da sakandare mai zaman kanta a nan Tawa. Malamin da ya saba koya wa ɗalibanmu na shekarar ƙarshe ta lisansi darasin dokar tsara ƙasa da filaye an yi masa canjin wurin aiki, ga shi saura mako shida a shiga zangon karatu. Darasin na awa talatin ne, don haka malamin wucin gadi za mu ɗauka, wanda ake biya gwargwadon awannin da ya koyar. Mutum uku ne a gabana. Ta farko wata matashiya ce da ta gama digirin dokta a fannin dokar hukuma a Dakar, amma a Yamai take zaune, kuma ba ta taɓa aiki a ofishin filaye ba. Na biyu wani dattijo ne, Alhaji, da ya yi ritaya bayan kusan shekara talatin yana aikin safiyo da tsara birane. Ya san kowane lungu na jiharmu, sai dai ba shi da takardar karatun shari'a, kuma yana da hannun jari a wani kamfanin yanka filaye. Na uku ƙanin mai ɗakina ne, yana da masta a dokar kasuwanci, shekara biyu ke nan yana neman aiki bai samu ba. Surukata Hajiya ta kira ni har ɗakinta ta ce ta ba ni amanarsa, mai ɗakina kuwa ba ta ce komai ba, amma ina ganin maganar a fuskarta. Ƙari a kan haka, makarantarmu takan yi jinkirin biyan malaman wucin gadi, wani lokaci har watanni, kuma ina jin nauyin faɗa wa wanda zan ɗauka. Barci ya ƙaurace mini. Ina neman shawararka.

Shugaban sashe, daga Tawa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fara bayyana gare ni shi ne ka ba ni labarin mutum uku dalla-dalla, har da abin da kake karantawa a fuskar mai ɗakinka, amma darasin da ake nema wa malami ka ambace shi a layi ɗaya ka wuce. Ban ga laifinka ba, domin wanda surukarsa ta kira har ɗaki ta ɗora masa amana dole hankalinsa ya koma kan mutane. Sai dai ina ganin daga nan rashin barcin ya samo asali. Muddin kana auna mutanen nan da junansu, kowanne yana da abin da zai sa ka ji kunyarsa, wannan ilimi, wancan furfura, na ukun zumunta, kuma babu sikelin da zai iya ɗaukar waɗannan abubuwa uku a lokaci guda. Ranar da ka zauna ka rubuta abin da ya wajaba ɗalibi ya sani bayan awa talatin ɗin nan, ka samu mudun da za ka auna su da shi, kuma mudu ne da za ka iya nuna wa kowa, har da Hajiya.

Ka tuna su wane ne ke zaune a ajin nan. Cikinsu akwai waɗanda gobe za su zama sakatarorin ƙananan hukumomi, da magatakardan kotu, da ma'aikatan ofisoshin notaye (masu tabbatar da takardun yarjejeniya a hukumance), da masu ba ƙungiyoyin manoma da makiyaya shawara, kuma mafi yawansu ba za su sake zama a gaban wani malamin dokar filaye ba har su yi ritaya. Da abin da suka ji a zangon nan za su riƙa sa hannu a takardun gonakin mutane. A ƙasarmu Nijar kuwa kuskure a kan ƙasa ba ya tsayawa a takarda. Dattawa ba su manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Ku ma a jihar Tawa kuna da Bangi, cikin gundumar Madawa, inda a watan Nuwamban 2016 aka yi asarar rayuka a kan irin wannan rigima. Na kawo maka waɗannan ne domin ka ji nauyin darasin kamar yadda kake jin nauyin surukarka.

To, me darasin ya ƙunsa? Malamin da zai tsaya a gaban ɗaliban Tawa dole ya fara da cewa jiharku ta rabu gida biyu a idon doka. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma layin ya ratsa ta cikin jiharku: kudu da shi ƙasar noma ce, inda mutum ke iya mallakar gona, arewa da shi kuwa, can wajen Cintabaradan da Tasara da Tiliya, ƙasar kiwo ce. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka, ta ɗauki yawon kiwo a matsayin haƙƙi na asali ga makiyayi, ta kuma hana wani ya killace makiyayar jama'a ya mayar da ita tasa shi kaɗai. Amma duk wanda ya bi hanyar Abalak da damina ya san gonaki sun daɗe da tsallake layin, saboda ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan a kudu, kuma farin da aka sha a shekarun baya ya sa wasu makiyayan da suka rasa dabbobinsu sun kama fartanya. Malamin da kake buƙata shi ne wanda zai karanta wa ɗalibi dokar, ya bayyana masa dalilin da ya sa ake tsallake ta, sannan ya nuna masa abin da ma'aikaci zai yi ranar da takardar irin wannan gona ta iso teburinsa.

Daga nan sai uwar dokokin karkara, mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta aza tubalin Kundin Dokokin Karkara. A ganina ita ce zuciyar darasin, domin ita ce ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada yana da kariya daidai da wanda aka samu ta rubutacciyar doka, wato gonar gado da ba ta da takarda gona ce mai mai ita. A ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, na ƙauye da na ƙaramar hukuma da na gunduma, waɗanda ke ba da takardun shaidar gado da saye da kyauta da aro da haya da jingina. Ita ce kuma ta sa burtali da hanyoyin dabbobi cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, ta kuma wajabta a fara kai rigimar gona gaban sarakunan gargajiya don sulhu, a rubuta sakamakon, kafin a nufi kotu. Ɗalibai da yawa suna fita makaranta da zaton Kofo kotu ce mai yanke hukunci, alhali aikinta tabbatar da haƙƙi da rubuta shi. Wannan kuskure kaɗai ya isa ya sa ma'aikaci ya tura talaka yawon ofis-ofis har damina ta wuce. Akwai kuma tarihin da ke ƙarƙashin dokar, wanda idan malami bai san shi ba ba zai gane abin da dattawa ke faɗi a zauren sarki ba: furucin da Janar Seyni Kountché ya yi a 1974 cewa ƙasa ta mai noma ta ce har yau yana fitowa a gardamar jikokin masu gona da jikokin waɗanda aka ba aro. Ina so in ƙara da maganar gadon mata, domin shari'ar Musulunci ta ba ƴa mace rabonta, amma a ƙauyuka da dama idan aka zo kan gona sai a ce a bar wa maza, kuma ɗalibin da ba a taɓa tattauna wannan da shi a aji ba zai rubuta abin da aka faɗa masa ne kawai.

Ɓangaren birni ma yana da nasa nauyin, kuma shi ne wanda ɗalibanka za su fi cin karo da shi, tunda garuruwanmu kullum suna cinye gonakin da ke kewaye da su. A nan akwai dokar 2001-032 da ta tsara manufar raya yankunan ƙasa, da dokar 2017-20 ta ranar 12 ga Afrilu 2017 kan ƙa'idojin tsara birane, da dokar 61-37 ta 1961 kan karɓe fili don amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara a 2008, mai sharaɗin a biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Dole ɗalibi ya san bambancin takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye da takardar mallaka ta dindindin da ake yi wa rajista, domin dubban mutane suna riƙe da ta farko suna zaton sun gama. Misalai kuwa ba sai an je nesa ba. Dajin da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 domin ya zama garkuwar birnin, gidaje sun cinye babban ɓangarensa; ambaliyar 2020 da ta fasa madatsar unguwar Lamorde a Yamai ta nuna abin da ke faruwa idan gari ya zauna a hanyar ruwa. Sannan doka ba ta tsaye wuri ɗaya: tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, malamin da ke karanto tsohon littafin darasinsa zai ci gaba da koyar da shawarar majalisa da sa hannun zaɓaɓɓen magajin gari kamar babu abin da ya canza. Don haka ka sa cikin sharuɗɗanka cewa wanda za a ɗauka ya nuna yana bibiyar Jaridar Hukuma, inda ake wallafa sababbin dokoki.

Duk wannan ka taƙaita shi a shafi ɗaya, ka liƙa sanarwa a allon makaranta, ko da mako guda ne ka ba masu nema, sannan ka kira kowannensu ya koyar da darasin gwaji na rabin awa a kan matsala ɗaya. Ga irin matsalar da ni zan bayar. Wani manomi a bakin garin Tawa ya gaji gona daga mahaifinsa ba tare da takarda ba. Maƙwabcinsa yana riƙe da rabinta jingina shekara ashirin. Burtali ya bi ta gefenta. Yanzu gari ya iso, ana son a yanka wurin filaye. Wa ke da haƙƙin diyya, wace takarda za a nema kuma a wurin wa, ina za a fara kai gardama, kuma me zai faru da burtalin? Wanda ya san aikin zai ce maka nan take jingina ba ta mayar da gona mallakar mai riƙo komai daɗewarta, rashin takarda bai kashe haƙƙin magaji ba, burtali kuwa ba ya shiga cikin abin da ake yankawa. Bayan ya gama, ka roƙe shi ya maimaita amsar cikin minti biyar da Hausa, kamar yana yi wa manomin bayani, domin dokokin nan da Faransanci aka rubuta su, amma rigimar gona da Hausa da Fulatanci da Tamashek ake yin ta, kuma malamin da bai iya sauko da doka zuwa harshen mai gona ba da wuya ya koya wa ɗalibi yin haka. Gani ya kori ji. Rabin awan nan zai gaya maka abin da tarin takardun shaida ba za su gaya maka ba.

Kada ka zauna kai kaɗai a wannan gwaji. Ka samu abokin aiki ɗaya daga sashenku, ka gayyato malami ɗaya daga waje, misali daga tsangayar shari'a da tattalin arziki ta Jami'ar Djibo Hamani da ke nan garinku, ka kuma rubuta wa shugaban makarantarku tun yanzu cewa ɗaya daga cikin masu nema surukinka ne, saboda haka ba za ka ba shi maki ba kuma ba za ka kasance a ɗakin ba lokacin da ake tattauna shi. Tawa gari ne da kowa ya san kowa. Idan ka ɓoye dangantakar, ɗalibai za su gano ta kafin mako ya zagayo, kuma daga ranar duk makin da ya fito daga sashenka sai an yi masa kallon zargi.

Ka nemi shawarata, don haka ba zan laɓe a bayan kwamiti ba. Ga abin da nake gani, ko da yake gwajin yana iya gyara mini hasashe. Wannan darasi ba na surukinka ba ne. Kasancewarsa ɗan'uwan mai ɗakinka ba aibi ba ne, kuma da a ce darasin dokar kamfanoni ne ko dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, da na ce ya shiga takara kamar kowa. Amma tsakanin abin da ya karanta da abin da na zayyana a sama akwai tafiya mai nisa, kuma mako shida ba za su ishe shi ya yi ta ba. Abin da zai faru sananne ne: zai nemo darasin wani daga intanet, galibi na dokar tsara birane ta Faransa, ya riƙa karanta wa ɗalibai, har ranar da wani yaro ɗan Keita ko Buza, wanda ya girma yana jin shari'ar gona a ƙofar gidansu, zai yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba. Matashin da ya fara aikin koyarwa da irin wannan kunya yakan daɗe bai farfaɗo ba, kuma sunan da zai samu a garin zai bi shi zuwa duk inda ya kai takardar neman aiki. Idan ka ba shi darasin nan ka cuci ɗalibai, shi ma ka cuce shi, ko da a ranar farko kowa a gida zai yi maka godiya.

Game da dokta, ina ganin ita ce ta fi cancanta ta riƙe darasin da sunanta. Dokar tsara ƙasa reshe ce ta dokar hukuma, kuma wanda aka horar a wannan fanni ya san yadda ake karanta doka, da wadda ke sama da wata, da inda ikon ma'aikaci ya tsaya, wanda shi ne abin da ɗalibin shari'a ya zo nema. Haka kuma idan makarantarku tana fatan hukumomin ilimi ko majalisar CAMES, mai tantance ilimi mai zurfi a wasu ƙasashen Afirka, su amince da digirinta, matakin karatun malamai yana cikin abin da ake dubawa. Damuwata da ita guda biyu ce. Ta farko, ka tabbatar ta san dokokin Nijar ɗin kansu, domin Senegal tana da nata tsarin filaye dabam, kuma gwajin da na faɗa zai warware wannan. Ta biyu ita ce nisa. Tsakanin Yamai da Tawa akwai fiye da kilomita 500, kuma al'adar da ta zama ruwan dare ita ce malami ya zo ya dunƙule darasin zango guda cikin kwana huɗu ko biyar, daga safe har magariba, ya ba da jarrabawa ya hau mota. Ɗalibai suna cin jarrabawar, amma bayan wata guda babu abin da ya rage a kansu. Ka shimfiɗa mata sharaɗi tun farko cewa za ta zo aƙalla sau uku a cikin zangon, da tazarar makonni a tsakani, ta bar wa ɗalibai aikin da za su yi kafin ta dawo. Idan ta ce ba za ta iya ba, gara ka sani yanzu.

Alhaji kuwa, asara ce babba a bar irin iliminsa ya tafi ba a juye shi ga yara ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kafa duwatsun iyaka ya san abubuwan da babu su a littafi: yadda ake karanta taswirar yankan filaye, yadda fili ɗaya ke tashi da takarda biyu, yadda wurin da aka ware wa makaranta ko asibiti ko kasuwa ke narkewa a hankali ya zama gidaje. Shawarata ita ce ka ware masa awa takwas ko goma daga cikin talatin ɗin domin aikin zahiri, a makonnin da dokta ba ta nan, ya kai ɗalibai ofishin Kofo su ga rajista da idonsu, ya fita da su bakin gari su bi burtali da ƙafa su ga inda gona ta ci shi. Amma maganar kamfanin yanka filaye ba a tsallake ta. Ba na zargin dattijon da komai, kuma kai ma ba ka ce ya yi ba daidai ba. Sai dai wanda ke cin riba daga yankan filaye, idan ya zo koyar da ƙa'idojin yankan, ko da zuciyarsa fari fat ce, zai fi ganin wahalar mai kamfani a kan ta mai gona. Ka same shi a gida cikin girmamawa ka ce, "Baba Alhaji, muna son ɗalibai su amfana da kai, amma muna roƙon ka gaya musu da bakinka a ranar farko cewa kana cikin wannan sana'a, kada a ɗauki wuraren kamfaninku a matsayin misali, kuma jarrabawa da maki su zauna a hannun dokta." Dattijon kirki zai karɓi wannan ba tare da ɓacin rai ba, idan kuma ya ƙi, ka samu amsar tambayar da ba ka yi ba. Ka haɗa su biyun su zauna tare, ko ta waya ce, kafin a fara, domin kada ɗalibai su ji magana biyu masu karo da juna ba tare da wanda zai daidaita musu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ka sa a ƙarshen wasiƙarka kamar ƙaramin abu, alhali tana iya rusa duk abin da muka tsara. Ni kaina na taɓa koyarwa a irin wannan matsayi a wata makaranta, na jira haƙƙina wata takwas, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wanda ya ɗauke ni ya san haka za a yi bai faɗa mini ba. Kada ka yi wa kowa haka. Ka gaya musu gaskiya tun kafin su amsa, ka kuma sa a rubuta yarjejeniya da ta fayyace yawan awanni, da kuɗin kowace awa, da lokacin biya, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da masauki, da ko gyaran takardun jarrabawa da jarrabawar zagaye na biyu suna cikin lissafi. Mace da za ta taso daga Yamai sau uku ba za a ce ta riƙa biyan mota daga aljihunta tana jiran wata da watanni ba. Ka tsaya kai da fata wurin shugabanninku a ba da kuɗin tafiya kafin kowace zuwa, a kuma biya rabin ladan a tsakiyar zango. Ka tuna musu cewa malamin da ba a biya ba yakan riƙe maki, kuma idan maki ya maƙale, ɗaliban shekarar ƙarshe ne za su rasa gasar shiga aiki da rajistar masta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma makarantar da ke koyar da shari'a ita ce ta fi cancanta ta kiyaye wannan.

Na bar maganar gida zuwa yanzu domin sai ka san matsayinka sannan za ka iya yin ta. Ka fara da mai ɗakinka, ku biyu, a lokacin da hankalinta ke kwance. Shirun da ta yi yana iya zama roƙo, yana kuma iya zama tsoron kada a sa ta tsakanin mijinta da mahaifiyarta. Ba za ka sani ba sai ka tambaye ta. Ka nuna mata shafin da ka rubuta, ka bayyana mata abin da kake jiye wa ƙaninta. Bayan haka ka kira shi kansa ku yi magana ta maza, domin a duk wasiƙarka ban ji abin da shi yake so ba, kuma ba mamaki ya fi kowa sanin cewa fannin ba nasa ba ne, kunyar Hajiya ce ta hana shi faɗi. Sannan ka je wurin Hajiya da ƙafarka, kada ka aika, kada kuma ka bari ta ji a bakin wani. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce mata, "Hajiya, amanar da kika ba ni na karɓa, kuma saboda ita ne ba zan sa shi inda zai ji kunya ba." Kada ka fake da cewa manya ne suka hana, domin irin wannan ƙarya ba ta daɗewa a gari ɗaya, kuma ranar da ta tonu za ta fi ƙin da ka yi zafi.

Amma kada ka shiga ɗakinta hannu rabbana, domin amanar da ta ba ka ta gaske ce, kuma shekara biyu ba aiki ba ƙaramin abu ba ne ga saurayi da mahaifiyarsa. Kafin ka je, ka riga ka yi wani abu a kai: ka zauna da shi ku gyara takardunsa, ka yi masa magana a ofishin wani lauya ko notaye ko a sashen shari'a na wani banki domin ya samu horon aiki, ka kuma gaya masa cewa duk ranar da darasin fanninsa ya samu a makarantarku ko a wata, zai nema ta ƙofar da kowa ke bi kuma za ka taimaka masa ya shirya. Idan har yana sha'awar dokar filaye, ka nema masa izini ya zauna a ajin dokta a wannan zango yana saurare, ya bi Alhaji fita daji. Notaye da bankuna kullum suna hulɗa da takardun filaye, saboda haka abin da zai koya zai ƙara masa daraja a fanninsa. Mai yiwuwa Hajiya ta yi fushi na ɗan lokaci, kuma ba zan yi maka alkawarin cewa ba za ta yi ba. Ka ci gaba da zuwa gaisuwa kamar yadda ka saba, kada ka rage ko da rana ɗaya.

Mako shida sun isa idan ka fara gobe. Ka rubuta shafin a daren nan, ka kai wa shugaban makarantarku tare da wasiƙar janye kanka daga auna surukinka, ka sa ranar gwaji cikin mako na uku domin wanda aka ɗauka ya samu lokacin shiri. Zuwa wurin Hajiya kuwa ka yi shi kafin a liƙa sanarwar a allo.